Hukuma ta dakatar da nata kason haya, mai gida ya ce in biya ko in tashi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya uku, kuma shekara huɗu ke nan muna zaune a gidan haya a ƙarƙashin shirin tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi, inda nake biyan wani kaso, hukumar gidaje kuma tana tura sauran ga mai gidan kai tsaye. Tun bara rufin yake yoyo, bango ya yi funfuna, autana kuma ba ya rabuwa da tari. Da na gaji da roƙo sai na kai kuka wurin hukuma, jami'insu ya zo ya duba, ya ba mai gidan wa'adi, da bai gyara ba suka dakatar da biyansa. Yanzu ya ce ni na jawo masa asara, don haka ko in cike giɓin ko in kwashe kayana cikin mako biyu, in ba haka ba ya canza makulli. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba yaron lafiya. Ba ki yi laifi ba da kika kai kuka, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ga shi jami'in hukuma ya gani da idonsa.

Irin wannan zama yana tsaye ne a kan yarjejeniyoyi uku: ɗaya tsakaninki da mai gidan, ɗaya tsakaninsa da hukuma, ɗaya kuma tsakaninki da hukuma. Kuɗin da aka riƙe yana cikin ta biyun, wadda babu sa hannunki a kanta, kuma an riƙe shi ne saboda ya karya sharaɗin da ya amince da shi na kula da lafiyar ginin. Ƙa'idoji sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma shirin Amurka da aka sani da Sashe na 8, wanda aka kafa a 1974, ya fayyace maganar sarai. A can ɗan haya yakan biya kimanin kashi 30 cikin ɗari na kuɗin shigarsa, kuma dokar ta ce kason hukuma ba bashi ba ne a kansa, mai gida ba shi da ikon korarsa don hukuma ba ta biya ba, haka nan an haramta masa karɓar ƙarin kuɗi ta bayan fage. Wa'adin gyara ma a rubuce yake: awa 24 ga abin da ke barazana ga rai, kwana 30 ga saura. Ki ɗauko takardunki ki nemi sakin layin da ya yi magana a kan wannan, in kuwa babu kwafi a hannunki, ki buƙace shi daga hukumar a rubuce.

Batun makulli ya fi tayar mini da hankali, domin sau da yawa da barazana ake fitar da masu rauni tun kafin magana ta kai gaban alƙali. Notis na mai gida ba hukunci ba ne. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 ya hana fitar da kowa daga gidansa sai da umarnin kotu, dokar Ingila ta 1977 ta mayar da kora ba bisa ƙa'ida ba laifin da ake hukuntawa, sannan kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin tattalin arziki da zamantakewa ya bayyana a 1997 cewa kora da ƙarfi ba tare da damar kare kai ba ta saɓa wa haƙƙin muhalli. Kada ki tashi don tsoro, domin fita ba tare da sanar da hukuma ba tana iya raba ki da tallafin gaba ɗaya.

Inda nake roƙonki da ki yi hattara shi ne naki kason. Mutane da yawa masu gaskiya sun faɗi shari'a saboda fushi ya sa sun daina biya, sai mai gida ya sami hujjar da yake nema. Ki ci gaba da biya a kan lokaci ta hanyar da take barin shaida, idan ya ƙi karɓa ki ajiye kuɗin a gefe ba tare da taɓa su ba, ki rubuta masa cewa kin miƙa ya ƙi. Ki tara rasit, hotunan rufin da bangon tare da ranar da aka ɗauka, rahoton jami'in, takardar asibitin yaron, da saƙon da ya yi miki barazana. Kusancin ranar da kika kai kuka da ranar da ya ba ki notis hujja ce mai ƙarfi, saboda dokoki a wurare da dama sun hana korar ramuwar gayya.

Hukumar ma tana da nauyi a wuyanta, domin dakatar da kuɗi bai toshe yoyo ba. Ki rubuta musu yau, ki haɗa da kwafin barazanar, ki tambaye su abin da zai faru idan yarjejeniyarsu da shi ta rushe, da kuma ko za su ba ki izinin komawa wani gida da tallafinki. Idan suka ce za su taɓa tallafin, ki nemi a saurari bahasinki kafin wa'adin da ke jikin takardar da za su aiko miki ya cika. Idan sammaci ya zo, ki halarta ko da ba ki da lauya, domin rashin zuwa yakan sa a yanke hukunci a bayan idonki, amma tun kafin nan ki nemi ofishin ba da agajin shari'a kyauta mafi kusa da ke, ki je musu da takardun duka a jere bisa kwanan wata.