Ciniki ba ajiya ko kasuwar zaɓaɓɓu: wanne ya dace da shagona?

Tambaya: Shekara uku ke nan ina sayar da kayan ƙawata ɗaki a shagona na intanet. Masu saye suna yawan neman abin da ba ni da shi, jarina kuma bai kai in cika sito ba. Wasu sun ce in shiga dirofshifin, wato ciniki ba ajiya, wasu sun ce in mai da shagon kasuwa, in gayyato 'yan kasuwar da na tantance su baje kayansu. Wanne ya fi?

Amsa: Malama, a idon mai saye hanyoyin nan biyu kamar ɗaya suke: ya ga kaya a shafinki, ya biya, wani wanda bai sani ba ya aiko masa. Bambancin yana kan rasit, wato sunan wa ke kai a matsayin mai sayarwa. Daga nan ake gane mai yanke farashi, mai cin riba, da wanda zai ɗauki asara in ciniki ya lalace.

A dirofshifin, wato ciniki ba ajiya, ke ce mai sayarwa. Ke za ki sa farashi, ki karɓi kuɗi, sannan ki biya mai kaya farashin sari, shi kuma ya aika kai tsaye. Abin da ya rage a tsakani shi ne naki. A ce fitila ta zo miki a dala 30 kin sayar 45. Wannan 15 ɗin ba riba ba ce tukuna, sai kin cire kuɗin talla, da abin da kamfanin karɓar kuɗi ke yanka, da asarar kayan da aka dawo da su. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Kin huta da ajiya, amma alhaki yana nan a wuyanki. In fitilar ta isa a fashe, ko ta yi wata guda a hanya, ko mai kaya ya sayar da ta ƙarshe bai sanar da ke ba, mai saye ke ya sani. In ya kai ƙara bankinsa, daga asusunki za a janye kuɗin.

Labarin Zappos ya isa misali. Kamfanin sayar da takalma ne a Amurka da ya fara a 1999, kuma da irin wannan ciniki ya tashi. A 2003 ya daina, alhali wajen kashi 25 cikin 100 na cinikinsa daga nan yake fitowa, saboda ba shi da iko a kan lokacin aikawa ko sanin abin da ya rage a hannun masu kaya. Ya koma aikawa daga sitonsa. Wayfair kuwa, mai sayar da kayan ɗaki irin naki, ya girma ne a kan masu kaya su aika da kansu, don kujera da gado suna da wuyar ajiya. Ke nan hanyar tana aiki, amma sai in mai kayan yana cika alkawari kuma lissafin kayansa yana haɗe da shafinki.

Ki kuma raba wannan da abin da ake tallatawa a bidiyo, wai ka buɗe shago a Shopify, ka kwaso hotuna daga AliExpress, ka kwanta kuɗi na shigowa. Wannan salon ya dogara ne a kan arahar aika ƙananan kaya daga China ba haraji, kuma ƙofar tana rufewa. Tarayyar Turai ta soke rangwamen harajin kayan da ba su kai yuro 22 ba tun 1 ga Yuli 2021, Amurka ma ta soke nata na dala 800 a 2025. Ga shi kayan da kowa ke iya samu da danna maɓalli, farashi kawai ake gasa a kansa. Gaskiya ina jin takaicin ganin mai shago da ta yi suna ta zubar da shi a kan irin wannan kaya.

Kasuwar zaɓaɓɓu kuwa dillanci ce. Ɗan kasuwa ne ke sa farashinsa, shi ke aikawa, ke kuma ki karɓi la'ada a kan kowane ciniki. Amazon na karɓar tsakanin kashi 8 zuwa 15 a yawancin kaya, Etsy, kasuwar intanet ta kayan sana'ar hannu, kashi 6.5 ban da sauran kuɗaɗe. Abin da ya raba ta da buɗaɗɗiyar kasuwa shi ne ba kowa ke shiga ba. Kamfanin Target, mai manyan kantuna a Amurka, ya buɗe tasa a 2019, kuma da gayyata ya fara ɗaukar masu sayarwa, don kada jabu da tarkace su ɓata masa suna. Kasadarki a kan kaya ta ragu, amma abin da ke shigo miki a kowane ciniki ya fi ƙanƙanta, don haka sai ciniki ya yi yawa kafin ta ciyar da ke. Kuma ɗan kasuwa mai kyau ba zai zo ba sai ya ga masu saye, masu saye ba za su zo ba sai sun ga kaya. Ga aikin raba kuɗi tsakanin masu sayarwa, ga sasanta rigima, ga korar wanda ya saɓa ƙa'ida. Ko Farfetch, da ya haɗa manyan shagunan tufafi na duniya, sai da kamfanin Coupang na Koriya ta Kudu ya ceto shi daga durƙushewa a ƙarshen 2023.

Shawarata gare ki, kada ki fara da kasuwa. Abin da kike da shi mai daraja shi ne masu saye sun yarda da idonki wajen zaɓe, kuma su da kansu suke faɗa miki abin da suke so. Ki rubuta abubuwan da aka fi tambaya. Ki nemi masu kaya biyu ko uku, ki yi oda da kanki kamar baƙuwa, ki ga kwana nawa ya ɗauka da yadda aka naɗe shi. Ku rubuta yarjejeniya a kan wa zai biya in kaya ya lalace, da cikin kwana nawa za a aika, da yadda za a sanar da ke in kaya ya ƙare. Kayan da suka fi tafiya ki ci gaba da riƙe su a hannunki, masu nauyi da waɗanda kike gwadawa ki bar wa masu kaya. Duk kayan da ya yi wata shida yana tafiya ba ƙorafi, ki saye shi da sari ki ajiye, don ribarsa ta fi haka kauri. Ranar da 'yan kasuwa suka fara neman ki da kansu suna roƙon gurbi a shafinki, sai mu sake zama a kan maganar kasuwa.