Abin da ya sa oda ɗaya ke shiga sau biyu

Ƙanena, ka tambaye ni me ya sa API ɗin (ƙofar da manhajar waya ke bi ta aika oda) da ka haɗa wa dilan atamfa a Kantin Kwari yake rubuta oda ɗaya sau biyu, alhali ka bi aikinka layi-layi ba ka ga kuskure ba.

Manhajar waya ta tura POST, wato buƙatar a rubuta sabon abu, saba (kwamfutar da ke karɓar buƙatun) ta karɓa ta rubuta odar, sai sabis ya ɗauke kafin amsa ta komo. Wayar ba ta san an gama ba, sai ta sake turawa. A ƙa'idar HTTP, wadda waya da saba ke magana da ita, buƙatun GET (karantawa) da PUT (sauyawa) da DELETE (gogewa) ko sau goma aka maimaita su, sakamakon ɗaya ne. POST kuwa, kowace turawa sabon abu take haifarwa.

Maganinsa mabuɗi. Da yaron shago ya danna "aika", wayar ta ƙirƙiri UUID, wato doguwar lambar shaida ta wannan odar kaɗai, ta sa a Idempotency-Key, gurbin da ke ɗauke da mabuɗin a saman buƙatar. Duk sake gwadawar da za ta yi, da mabuɗin nan za ta zo, ba sabo ba. A rumbun bayananka na PostgreSQL ka buɗe tebur mai ɗauke da mabuɗin, da abin da aka turo, da amsar da ka bayar, ka ɗora UNIQUE a kan mabuɗin, wato sharaɗin da ke hana mabuɗi ɗaya shiga sau biyu.

Nan ne masu koyo ke faɗuwa, don Allah ka kula. Kada ka ce sai ka duba ko mabuɗin yana nan, sannan ka rubuta. Buƙatu biyu kan iso a tare, kowacce ta leƙa ta ga wayam, duka su shige. Bar rumbun bayanan ya ƙi ta biyun da kansa. Kuma mabuɗin da odar su shiga a tiransakshan guda, don in an ɗauke wuta a tsakani, ko duka su zauna ko duka su tafi.

Karon farko ka mayar da lambar amsa 201, wato an rubuta odar. In an maimaita, ɗauko amsar da ka ajiye ka ba wayar. In buƙatar farko ba ta gama ba, 409, wato an yi karo. Mabuɗi ɗaya amma an canza yawan turame, 422, kada ka karɓa. Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, na riƙe mabuɗansa aƙalla awa 24, kai ma ya ishe ka.

Kafin ka miƙa aikin, ka harba buƙata 50 lokaci guda da mabuɗi ɗaya, ka ƙirga layukan tebur ɗin oda. In sun wuce ɗaya, kawo min mu duba tare.