Ku Tambaya Mu Amsa: Sojan da ya gudu daga yaƙi, a ba shi mafaka ko a mayar da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Wata gardama ce ta haɗa ni da mahaifina har yau bamu ƙare ba. Baba tsohon soja ne, yaje Laberiya lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a barikin Rukuba yayi ritaya. Muna jin rediyo ne aka kawo labarin sojojin Rasha da suke gudu daga yaƙin Yukren suna neman mafaka a wasu ƙasashe, ni nace ya kamata a karɓe su tunda yaƙin zalunci ne, shi kuma ransa ya ɓaci sosai yace duk wanda yayi rantsuwa ya ci albashi sannan ya bar abokansa a bakin daga maci amana ne, ƙasar da ta ɓoye shi ma ta taya shi cin amana. Malam waye da gaskiya? Daga mai karatu a Anguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaida min Baba, kuma ka sassauta murya in kuna wannan magana, domin shi ya kwana a rami da bindiga, ya san cewa ran soja yana hannun na kusa da shi ne, in wanda aka sa gadi ya sulale da dare to waɗanda suke barci sun shiga uku. Addini ma bai ɗauki abin da wasa ba, juya baya ranar da aka gwabza yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Sannan cewa jama'a basa son yaƙi bai isa hujja ba. ECOMOG ɗin ma ai mutane sun yi ta ƙorafi kan kuɗin da ake kashewa da gawarwakin da ake dawowa dasu, da kowane soja ya bi ƙorafin gari ya ajiye kaki da babu rundunar da zata tsaya.

Amma ga labarin da nake so ka kai masa. A watan Fabrairun 2011 matuƙan jiragen yaƙin Libiya su biyu suka tashi da jiragensu ƙirar Mirage, maimakon inda aka tura su sai suka sauka a tsibirin Malta, suka ce an umarce su ne su saki bom a kan masu zanga-zanga su kuma ba zasu iya ba. A dokar soja sun gudu, babu ko shakka. To ka tambayi Baba cikin ladabi, da shi ne mai Malta zai ɗaure su ya mayar wa Gaddafi? Na san amsarsa, domin sojan kirki ya fi kowa sanin cewa rantsuwar da yayi ta kare jama'a ce, kuma babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Kaga ashe inda maganar take shi ne me aka ce mutumin yayi har ya gudu, kuma me za a yi masa in an mayar da shi.

Dokar duniya ma kusan nan ta tsaya. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 bata ce duk sojan da ya tsere ɗan gudun hijira bane, tsoron harsashi kaɗai baya ba mutum mafaka. Amma jagorar da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta fitar a 1979 tace in yaƙin irin wanda duniya tayi tir da shi ne saboda ya keta ƙa'idojin mutuntaka, to hukuncin da za a yi wa wanda ya ƙi shiga zai iya zama zalunci da zai sa a ba shi mafaka. Yarjejeniyar kuma ta rufe ƙofa ga wanda shi kansa ya aikata laifin yaƙi, wato ba zaka ƙona ƙauye yau gobe kazo kace a ɓoye ka ba.

A takarda kenan. A aikace kuwa siyasa ce take jan ragamar, kuma abin yana min ciwo. Lokacin yaƙin Biyetnam dubban matasan Amurka sun tsallaka Kanada, a 1969 gwamnatin Pierre Trudeau ta yarda a bar har waɗanda suka gudu daga bariki su shiga su nemi zama, Suwidin ma ta karɓi wasu. Da yaƙin Iraƙi yazo a 2003, wanda Kanada ɗin ta ƙi shiga, sai wani soja Jeremy Hinzman ya shiga ƙasar da matarsa da ɗansa a 2004 yana zaton ƙofar tana nan a buɗe, aka ƙi ba shi mafaka, hukumar 'yan gudun hijira ta Kanada ma tace ba zata saurari maganar halaccin yaƙin ba. Majalisar dokokin ƙasar ta kaɗa ƙuri'a a watan Yunin 2008, 137 da 110, cewa a bar irinsu su zauna, gwamnatin Stephen Harper tayi kunnen uwar shegu, wata guda bayan nan ta mayar da wani soja Robin Long Amurka inda kotun soja ta yanke masa wata 15. Ƙasa ɗaya ce, maƙwabciya ɗaya ce, amma wanda ke kan kujera ya canza.

Na Rasha da kuka ji kuwa, a watan Satumbar 2022 Putin ya kira mutum 300,000 su sa kaki, maza suka yi ta kwarara Kazakistan da Jojiya, ƙasashen Latbiya da Lituweniya da Estoniya suka ce su ba zasu karɓe su ba, su koma gida su yi wa shugabansu bore. Wallahi wannan ban gane hikimarsa ba, kace kana tausayin mutanen Yukren sannan ka kora mutumin da ya ƙi harbinsu ka mayar da shi inda za a miƙa masa bindiga a tura shi ya harbe su.

Sai dai kar ka ɗauka abin ba haɗari. A 1994 sojojin tsohuwar gwamnatin Ruwanda da 'yan bangar da suka yi kisan ƙare dangi sun bi ayarin 'yan gudun hijira zuwa garin Goma na Kwango da makamansu, ba wanda ya tace su, suka mamaye sansanonin suna kai hari gida, daga nan yaƙin Kwango na 1996 ya samo asali. Shi yasa ni ra'ayina a karɓe shi, amma a karɓe bindigar tun a bakin iyaka, a raba shi da fararen hula, a bincike shi da kyau, in hannunsa da jinin bayin Allah a kai shi kotu, in kuma babu to a ba shi mafaka ta gaskiya kar a miƙa shi ko da ƙasarsa ta fi ƙarfinmu. Najjashi sarkin Habasha ma kyaututtuka Ƙuraishawa suka aiko masa, sai da ya saurari su Ja'afar da kunnensa sannan yace ba zai bada su ba. A Suratut Tauba aya ta 6 kuwa umarni ne, ko mushriki ya nemi mafaka a ba shi, daga baya a raka shi inda zai aminta.

TAMBAYA: Malam ina wuni. To mu nan Najeriya fa, in sojan wata ƙasar maƙwabta ya tsallako yace ba zai koma ba, ya ake yi? Daga wata 'yar'uwa a Kubwa, Abuja.

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa. Akwai hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, NCFRMI, nan Abuja hedikwatarta take, ita ce take karɓar buƙatar mafaka tare da UNHCR. Mun kuma sa hannu a yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969, wadda tace ba da mafaka aikin jinƙai ne kar wata ƙasa ta ɗauke shi gaba, amma a zaunar da mutum nesa da iyaka kuma kar a bar shi ya kai wa ƙasarsa hari daga nan. Mu kanmu mun taɓa zama baƙin, a watan Agustan 2014 sojojinmu wajen 480 sun tsallaka Kamaru bayan artabu da Boko Haram a yankin Gamboru Ngala, aka karɓi makamansu aka saukar dasu sannan suka dawo, rundunarmu tace dabarar yaƙi ce.

Abin da yake sa ni fargaba shi ne na Janairun 2018. Jami'an tsaro suka kama Sisiku Ayuk Tabe da abokansa a wani otal a nan Abuja, su ba ma sojoji bane, jagororin 'yan awaren yankin masu Turanci na Kamaru ne, aka haɗa mutum 47 aka miƙa wa gwamnatin Kamaru alhali mafi yawansu sun riga sun nemi mafaka. UNHCR tayi tir da abin, a watan Maris na 2019 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja tace an karya doka a dawo dasu, ba a dawo dasu ba, a watan Agustan shekarar kotun sojan Kamaru ta yanke wa Ayuk Tabe da mutum tara ɗaurin rai da rai. Don haka in har kin san wani da yake cikin wannan hali, ki ce masa ya ajiye makami, yayi rajista da NCFRMI da wuri ya riƙe takardarsa, ya kuma nemi lauya tun kafin ƙasarsa ta aiko nemansa.