Zan iya dogara da tashar caji idan na koma motar lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ma'aikaci ne a Kano. Tsakanin gida, ofis da kai yara makaranta nakan yi kamar kilomita 40 a rana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ke cinye mini albashi. Ina so in sayar da motata in sayi mai lantarki ta hannu, amma wutar unguwarmu ba ta zama. Zan iya dogara da tashoshin caji na waje, kamar yadda nake zuwa gidan mai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ba zan ba ka shawarar haka ba a yanzu. Motar lantarki a inda take kwana take shan wuta, tashar waje ta ranar larura ce.

Mu fara da lissafi. Ƙaramar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100, irin yunit ɗin da kake saya a mita. Ka ga kilomita 40 ɗinka kusan yunit 7 ne kawai. Ko a soket ɗin gida, wanda ke ba da kilowat 2 da ɗan abu, awa uku zuwa huɗu sun mayar maka da abin da ka ƙona. Ba sai kana da wutar awa 20 irin ta Band A ba. Ko da farashin Band A ɗin ne, da aka kai naira 225 kan yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage, kilomita 100 ba za ta kai naira 4,500 ba. Motar fetur mai shan lita 8 a wannan nisan, kai ka san nawa take ci. Abin tambaya shi ne, KEDCO na kawo muku wutar awa huɗu da dare, mai ƙarfi, kusan kullum? In kuma kana tunanin janareta, ka manta. Ƙaramin injin fetur da ƙyar lita ɗaya ta ba ka yunit 2, ribar ta tafi ke nan, ga ƙara ga hayaƙi. Sola tana yi, amma da rana take bayarwa, lokacin da motar ke ofis, sai dai in a can za ka haɗa.

Tashoshin waje akwai su, amma tsilla-tsilla. Daga 2021 hukumar NADDC, mai kula da harkar ƙera motoci, ta kafa masu aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Legas, da ta Nsukka. Na 'yan kasuwa sun fi yawa a Legas da Abuja, Maiduguri kuma ta yi gaba wajen motocin haya masu lantarki. Jin labarin tasha daban, samun ta tana aiki daban. Ka taka da ƙafarka ranar aiki, ka ga mota a jone, ka tambayi farashi. Zai fi na gida tsada, domin mai tashar ya zuba kuɗi a taransifoma ko sola da batura.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne bakin caja. Yadda cajar iPhone ta dā ba ta shiga Tecno, haka motocin nan. Wadda aka yi don kasuwar China tana zuwa da GB/T, ta Turai da Type 2 da CCS2, ta Amurka da CCS1 ko bakin Tesla, Nissan Leaf kuwa CHAdeMO take amfani da shi wajen cajin gaggawa. Adafta ta cajin hankali ba ta da tsada, amma ta gaggawa tana da tsada, kuma ba kowace take yin magana da kowace na'ura ba. Ka fara sanin bakin tashar da ke kusa da kai kafin ka biya kuɗin mota. Cajin gaggawar ma ba minti biyar ba ne: daga kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari yakan ɗauki rabin awa ko fiye, daga nan motar ke rage jan wuta da kanta don kare batiri.

Sai zafinmu. Leaf ita ce mai araha a kasuwar na hannu, amma batirinta ba shi da ruwan sanyaya, zafin Afrilu da yawan cajin gaggawa suna tsufar da shi da wuri. Ka nemi mai batirin da ruwa ke sanyayawa, kuma kada ka yarda da bakin dillali: a jona kwamfuta a nuna maka kashi nawa ya rage na lafiyar batirin. Ƙasa da kashi 75, ni dai ba zan saya ba.

In kana yawan zuwa Kaduna, kilomita 230 ne da 'yan kai, kuma gudu da na'urar sanyaya mota suna rage nisan da allo ke nunawa. Mai irin wannan zirga-zirgar, gara ya nemi mai haɗa fetur da batiri wadda ake jonawa a soket: cikin gari da wuta, kan hanya da mai. Kafin komai, ka kira ƙwararren mai wayarin ya duba layin garejinka da wayar ƙasa mai kariya daga kamun wuta, domin soket ɗin da ke ɗaukar dutsen guga na minti goma ba lallai ya jure awa huɗu ba.