Tambaya da Amsa: Daga Boxer zuwa babban mashin, wanne zan fara da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikaci ne a nan Kano, kullum daga Hotoro nake tasowa zuwa Bompai in dawo da yamma, shekara shida kenan ina kan Boxer kuma Alhamdulillahi ban taɓa yin wani mummunan haɗari ba. Yanzu na ɗan tara kuɗi ina so in sayi babban mashin irin marasa rigar roba ɗin nan, ba na tsere ba. Abokaina kowa da abin da yake faɗa, wani ya ce Yamaha MT-07, wani ya ce Honda CB650R saboda kukansa ya fi daɗi, ni kuma kaina ya ɗaure. Tsawona matsakaici ne. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya sa alheri. Na ji daɗi da ka ce mara riga kake so, domin ga mai zuwa aiki kullum shi ne daidai, zaman a miƙe yake ba sai ka kwanta a kan tanki ba, kan mashin ɗin yana da faɗi yana juyuwa a lungu, kuma ranar da ya zame maka a tsaye (zai zame, kusan kowa sai da nashi ya taɓa kwanciya a watannin farko) ba ka da wata roba mai tsada da za ta farfashe ka yi ta jiran a kawo daga waje.

Amma ka fara sanin irin tsallen da za ka yi. Boxer ɗinka mai cc 100 ƙarfinsa bai kai doki 10 ba. MT-07 cc 689 ne, ƙarfinsa ya haura doki 70, CB650R kuwa silinda huɗu gare shi ya haura doki 90 kuma nauyinsa ya wuce kilo 200. Hannunka ya shekara shida yana murɗa totur har ƙarshe ba abin da ya faru, to wannan sabon ne abin tsoro, don irin murɗawar nan in ka yi wa MT-07 a giya ta ɗaya gabansa ɗagawa zai yi, ba ƙari nake yi ba, injinsa ƙarfin tun daga ƙasa yake zuwa kuma shi mashin ɗin bai da nauyi, wajen kilo 184. Mashin ne mai kyau wallahi, tun fitowarsa a 2014 yake kasuwa, amma ga mai tasowa daga Boxer ni ba shi zan fara miƙa maka ba. CB650R kuma ka cire shi a lissafi yanzu, silinda huɗu sai a buɗaɗɗiyar hanya yake nuna kansa, a gosulon Kano cikin watan Afrilu zafin injin ne zai yi ta dukan ƙafafunka fanka na ta kuka, ga shan mai ga fulogi huɗu.

In da ni ne kai Honda CB500F zan nema. Cc 471 ne, silinda biyu, doki 47, kuma da gangan aka tsayar da shi a nan don ya dace da lasin A2 na Turai, wato matakin da ake ba wanda bai kai ga manyan mashina ba tukuna. Kar ka ji 47 ka raina, ya ninka Boxer ɗinka fiye da sau biyar, titin Zariya ko Hadeja ba motar da za ta takura maka. Abin da ya sa nake sonsa shi ne ladabinsa, ka murɗa kaɗan ya ba ka kaɗan, ba ya fizga. Kujerarsa wajen santimita 79 ce daga ƙasa, mai matsakaicin tsawo zai dire ƙafa sosai, tankinsa wajen lita 16 zuwa 17 gwargwadon shekarar ƙira, yayin da na MT-07 lita 14 ne, kuma in ba gudu kake ba lita ɗaya za ta kai ka kilomita 25 ko fiye. Ba zai taɓa kamo Boxer a tattalin mai ba, wannan ka sa a ranka tun yanzu.

In ka ga lallai sai mai cc 650, to akwai biyu da hankalina ya kwanta da su. Kawasaki Z650, doki 68, wanda ya gaji tsohuwar ƙirarsu ta ER-6n a 2017, kulocinsa laushi gare shi, kuma wanda ya taɓa matse kuloci minti talatin a cinkoso ya san darajar wannan. Sai Suzuki SV650 da aka fara yi tun 1999, injinsa ya yi suna wajen juriya, ƙirar 2016 zuwa sama suna da wani tsari da ke ɗan ɗaga injin da kansa lokacin da kake sakin kuloci don kar ya mutu maka a danja, sai dai ya ɗan fi nauyi, ya kusa kilo 200.

Kowanne ka ɗauka dai ka tabbata yana da ABS, wato tsarin birkin da ke hana taya kullewa in ka damƙe da ƙarfi, wannan ba na sassauci a kai. Birkin gaban waɗannan mashinan ba irin na Boxer ba ne, ɗan Adaidaita ya yanko maka ba sigina ka damƙe da yatsu huɗu a kan yashin gefen titi, in ba ABS tayar gaba kullewa za ta yi kafin ka ankara kana ƙasa. Tun 2017 Tarayyar Turai ta wajabta ABS a kan duk sabon mashin da ya wuce cc 125, amma waɗanda aka shigo da su daga Amurka wasu ba su da shi, don haka ka duƙa ka duba tsakiyar wilin gaba, za ka ga wani ɗan zobe mai huji-huji, sannan in ka kunna makulli fitilar ABS ta kama, ta mutu bayan ka fara tafiya.

Tunda kusan duk ɗan Kwatano za ka samu, lafiyar mashin ta fi sunansa muhimmanci. Ka je da bakaniken da ya saba taɓa manyan mashina masu injekta, kuma tun kafin ka biya ka tambaye shi wanne ne yake iya samo wa kayan gyara, in ya ce Honda to magana ta ƙare. Ka sa a tayar da shi a sanyaye a gabanka, ka duba lagireto ko yana yoyo, ka shafa ƙafafun shokobzoban gaba ko akwai mai, ka juya wili ka ga ko ya lanƙwashe, lambar jiki ta yi daidai da takardun kwastan. Ka kuma sani gindinsu ƙasa-ƙasa ne, wajen santimita 13 zuwa 16, ramuka da tudun rage gudu sai a hankali.

Kar ka ƙarar da kuɗin duka a kan mashin. Ka ware na hular kwano mai rufe haɓa, safar hannu, jaket mai raga saboda zafi, da takalmi mai rufe idon sawu, sannan taya biyu sabbi don yawancinsu da tsofaffin taya suke zuwa. Man bumburutu ka yi bankwana da shi, datti kaɗan ke kashe famfon mai. Baƙin mai kuma ba na mota ba, ka nemi mai tambarin JASO MA ko MA2 a jikin galan, in ba haka ba kuloci zai fara zamewa, sarƙa kuma lokacin hunturu ƙura na cinta, ka riƙa wankewa kana sa mata mai duk bayan kilomita 500.

Satin farko kar ka shiga gari da shi. Ka samu fili da sassafe ranar Lahadi ka yi ta juyawa a ƙunci kana taka birkin baya a hankali, ka yi ta gwada tsayawar gaggawa daga gudun kilomita 30 a awa sannan 50, har sai ka ji yadda ABS ke karkarwa a hannunka ka daina firgita da shi, daga nan ka kama hanyar Bompai.