Amsa: Gayyatar cin abincin dare a gidan Bature

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka yi a gidan abokin aikinka da ya gayyace ka cin abincin dare a Landan.

Tun yau ka sanar da shi ba ka cin naman alade, ba ka shan giya. Daidai yawan baƙi suke girki, don haka kada ka ja ɗan rakiya. In an ce 7:30, ka isa da minti 10 a kai. Zuwa da wuri takura ne, masu gida na kicin. Riƙe kwalin cakulan.

A tebur ka jira mai gida ya fara. Cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama. In sun yi yawa, fara da na waje. In ci da hagu ya dame ka, yanka naman tukuna, ka ajiye wuƙa, ka mayar da cokalin zuwa hannun dama. Farantin burodin hagunka ne naka.

Kunya ce ke kayar da namu: in aka ce a ƙara maka ka ce a'a, shi ke nan, ba mai lallashinka. Kada ka tambayi albashin kowa. Washegari ka aika saƙon godiya.