Amsa ga ɗan'uwan da ke son sayen mota mai ɗaki a Jamus

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Na karanta tambayarka. Ka ce ka ga tsohuwar mota mai ɗaki, irin wadda ake kwana da girki a cikinta, ana sayarwa kusa da ku, Fiat Ducato ƙirar 2012, tafiyarta ba yawa, kana sha'awar sayenta don ku riƙa fita hutu kai da uwargida da yara uku, amma kana tsoron kada ɗawainiyarta ta fi ƙarfin mai albashi. Na daɗe ina riƙe da irin wannan mota a nan Jamus, kuma iyalina sun amfana da ita ƙwarai, don haka ba hana ka zan yi ba. Sai dai maganar kuɗi ba ita ce ta farko ba. Akwai abubuwan da in ba su daidaita da gidanka ba, ko kyauta aka ba ka ita ba za ta yi maka amfani ba.

Fara da ƙirga kujeru. Ku biyar ne, kuma yawancin waɗannan motoci, musamman masu jikin ƙarfe irin na motar dakon kaya, kujeru huɗu ne kawai masu bel. Gado yana iya ɗaukar mutum biyar, amma doka ba ta ƙirga gado, abin da ke cikin takardar mota take bi. Ka ce wa mai ita ya turo maka hoton takardar, ka duba layin S.1, nan aka rubuta adadin kujeru har da ta direba. In ka ga 4, magana ta ƙare. Kada wani ya ce maka ai autan sai ya kwanta a baya ana tafiya. Birki ɗaya mai ƙarfi a babbar hanya ya isa ya jefo yaro gaba. Ka kuma tuna yaron da bai kai shekara 12 ba, kuma tsawonsa bai kai santimita 150 ba, dole ne a kujerar yara zai zauna. Ranar da za ka je ganin motar ka tafi da kujerun yaranka ka gwada su a bencin baya, ka ga ko sun shiga.

Sai nauyi, kuma a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. Lasin tuƙi na B, wato na ƙaramar mota, iyakarsa kilo 3,500, mota da duk abin da ke cikinta. A wannan takardar dai, layin F.2 shi ne iyakar nauyin da aka yarda da shi, layin G kuma nauyinta kafin a ɗora kaya. Abin da ya rage tsakaninsu shi ne rabonka, kuma ko shi ma kada ka yarda da shi gaba ɗaya, don masu ita na baya sun yi ta ƙara mata abubuwa: rumfar gefe, faifan sola, maratayin keke, batir na biyu. Yanzu lissafa. Tankin ruwa mai lita 100 kilo 100 ne. Tukunyar gas mai kilo 11 in ta cika ta haura kilo 20, kuma galibi biyu ake ɗauka. Ga uwargida da yara. Mu kuma ba ma tafiya hannu rabbana: shinkafa, taliya, galan ɗin mai, tukwane, kula cike da nama, tsarabar 'yan'uwan da za a biya wa. Kafin ka ankara ka wuce iyaka. Ni abin da nake yi, kafin doguwar tafiya nakan loda ta tsaf, kowa ya shiga, mu je inda ake auna manyan motoci a ɗora mu a sikeli. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Tarar lodi fiye da ƙima a ƙasashe irin su Ostiriya tana da zafi, amma abin da ya fi damuna shi ne birki. Duk wanda ya taɓa gangarowa daga tsaunukan Alps da mota mai nauyi, yana jin ƙaurin birki yana shigowa ta taga, ba sai an yi masa bayani ba.

Iyali mai mutum biyar yawanci sai irin mai ƙaton jiki, wadda ke da gado a saman kan direba. Tana da sarari, yara suna son gadon saman nan, amma tsawonta zuwa sama yakan haura mita 3. A manyan hanyoyin Faransa motar da ke tsakanin mita 2 da 3 aji na biyu take biya, wadda ta kai mita 3 kuwa aji na uku, kuma bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne idan kana ratsa ƙasar zuwa Sifen. Tana shan mai, iska tana turo ta idan tirela ta wuce, kuma ba ta shiga wuraren ajiye motoci na cikin gari masu shinge a sama.

Abin da ya fi kashe waɗannan motoci kuwa danshi ne, ba inji ba. Injin Ducato an saba da shi, kusan kowane bakanike ya san shi, kayan gyaransa suna ko'ina, tunda da ita da Peugeot Boxer da Citroën Jumper jiki ɗaya ne. Amma ruwa in ya samu kafa ta gefen tagar rufi ko ta mahaɗin bango, sai ya yi ta cin katakon ciki shekara da shekaru ba a gani. Na taɓa raka wani ɗan'uwa duba wata, daga waje tana sheƙi, ciki an fesa turare. Na buɗe kabad ɗin sama na kusurwar baya na danna bangon da babban yatsa, sai ya lotsa. Muka ɗaga katifa, ga baƙin tabo a katakon ƙasa. A nan muka yi wa mai ita sallama. Don haka idan ka shiga, ka rufe ƙofa, ka tsaya ka shaƙi iskar ɗakin tukuna. Ka danna kowace kusurwa, ka taka ƙasa kusa da ƙofa da bakin ban ɗaki ka ji ko tana motsi, ka leƙa ƙarƙashi da tocila ka duba tsatsa. Ka tambayi takardun gwajin yoyo da ake yi shekara-shekara. In babu, ka biya wani gareji ya auna ta da na'urar gwada danshi kafin ka ba da ko sisi. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan, ka bar masa kayarsa.

Ka ce tafiyarta ba yawa. Wannan ba ya kwantar mini da hankali, don motar da ta wuce shekara goma da ƙananan kilomita, zama ta yi ta yi, kuma zama yana da nasa ciwon. Birki yana cijewa, robobi suna bushewa, batir yana mutuwa. In injinta 2.3 ne, tayamin bel gare shi, kuma shekaru ake ƙirga masa ko da kilomita ba su cika ba. Ka nemi rasiɗin ranar da aka canza shi. In babu rasiɗi, ka ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗin daga farashi. Tayoyi ma kada zanensu ya ruɗe ka. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu bayan DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2317, mako na 23 ke nan na 2017. Tayar da ta haura shekara shida tana ɗauke da tan uku da rabi a rana da sanyi, ni canza ta nake yi ko da zanenta yana nan daram.

Kuɗin shekara kuwa ba su san ko ka fita ko ba ka fita ba. Akwai haraji, akwai inshora, akwai gwajin lafiyar mota na TÜV duk shekara biyu ga wadda ba ta wuce kilo 3,500 ba, akwai gwajin gas shi ma duk shekara biyu, wanda doka ta wajabta tun watan Yunin 2025. Sannan wurin ajiya, wanda mutane ke mantawa da shi. Da yawa suna yi mata lambar mota mai aiki na wasu watanni kawai, misali daga Afrilu zuwa Oktoba, don haraji da inshora su ragu. Dabara ce mai kyau, amma a sauran watannin ba a yarda ta tsaya a bakin titi ba sam, sai a fili na kanka ko na haya. Ka nemo wurin nan kafin ka sayi motar, don a manyan birane samunsa aiki ne.

Idan sanyi ya gabato, ruwa ne abin tsoro. Tukunyar ruwan zafi ta kamfanin Truma tana da wani ɗan bawul da ke buɗe kansa idan sanyi ya sauka kusan digiri 3, ya zubar da ruwan cikinta don kada ta fashe. Amma bai isa ba. Ka zubar da tankuna duka, ka kashe famfon tura ruwa, ka bar kowane famfo a buɗe a tsakiyar zafi da sanyi, ka sauke kan shawa. Ruwa kaɗan da ya daskare a bututu ya isa ya tsaga shi, sai da bazara ka ga ƙasa ta jiƙe. Ka kwashe duk abinci saboda ɓera, ka bar ƙofar firji a buɗe, ka jingine katifu, batir kuma a riƙa ba shi caji.

Akwai abin da ba za ka ji daga bakin Bajamushe ba, don shi bai shafe shi ba. Mu masu alwala ne sau biyar a rana, kuma da ruwa muke tsarki. Tankin da zai yi wa ma'aurata biyu kwanaki, mu da yara kwana ɗaya ko biyu ya tafi. Akwatin ban ɗaki, inda bahaya ke taruwa, bai kai lita 20 ba, kuma duk ruwan buta cikinsa yake zuwa, don haka kusan kullum sai an juye shi. Wannan aiki naka ne, Malam, ka sa a ranka tun yanzu. Mu dai tsarinmu, alwala a waje da buta a kan ciyawa in yanayi ya yarda, muna kuma tafe da jarka guda ta ruwan sha daban. Da rana in akwai ban ɗakin gidan mai ko na sansani, manya can suke zuwa, a bar na mota don dare da yara. Akwatin kuwa ba a juye shi ko'ina sai wurin da aka tanada. Na sha ganin inda aka hana kwana gaba ɗaya saboda ƙazantar wasu, kuma ba na son a taɓa danganta wannan da mu.

Girki ma sai an canza hali. Suyar manja da albasa a ɗan ɗakin nan, ƙamshin zai zauna a labule da katifa har ku dawo gida. Mun sayi ƙaramin risho na waje, miya da suya a can, shayi da ɗumame a ciki. Ko me ake dafawa a ciki a buɗe taga da tagar rufi. Mutum biyar in suka kwana a rufe, da asuba za ka ga ruwa yana gangarowa a gilashin gaba, kuma wannan danshin shi ne mafarin baƙin tabon da na faɗa maka. Abu ɗaya da nake roƙonka da girman Allah: kada a taɓa kunna murhu don ɗumama ɗaki. Ka san yadda kaskon garwashi a rufaffen ɗaki yake kashe mutane a gida lokacin hunturu suna barci, to iskar nan ɗaya ce. Ka sa na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska, ka riƙa gwada batirinta.

Wurin kwana ba kamar yadda ake gani a hotuna ba ne, cewa duk inda ka ga tafki sai ka tsaya. A Jamus an yarda ka kwana dare ɗaya a wurin ajiye motoci don ka huta ka iya ci gaba da tuƙi, amma ba fito da kujeru, ba buɗe rumfa. A Holan wannan ma ba a yarda ba. Sauƙin abin shi ne akwai wuraren da aka keɓe wa irin motocin nan a garuruwa da yawa, a Jamus da Faransa musamman, da ruwa da wuta da wurin juye akwati, kuma manhajar park4night tana nuna su. Ostiriya sai ka sayi takardar izinin hawa manyan hanyoyi, Suwizalan ma haka, tasu faran 40 ce ta shekara. Tukunyar gas ta Jamus kuma ba a musanya ta a Faransa ko Sifen, saboda haka ka fita da biyu cike.

Duk da wannan ɗawainiya, ban yi nadamar mallakarta ba. Ba ma neman abincin halal a kan hanya, yana cikin firjinmu. Lokacin salla ya yi, sai in ratse, in duba alƙibla, a shimfiɗa darduma, mu yi ƙasaru mu wuce. Uwargida tana da wurin da za ta cire mayafi ta huta. Mun tsallaka da ita Maroko ta jirgin ruwa daga Algeciras a Sifen zuwa tashar Tanger Med kusa da Tanja, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi, yara suka ji kiran salla daga lasifika a tsakiyar kasuwa. In za ka yi wannan, ka duba koren katin inshorarka ko ba a soke MA, wato alamar Maroko, ba, in an soke sai ka sayi inshora a tashar.

Shawarata, kafin ka saya ka yi hayar mai kujera biyar na mako guda, ba a tsakiyar hutun bazara ba lokacin da haya ke tsada, a hutun kaka lokacin da ake ruwa. Ka ga yadda uwargida ta ji da ƙuncin wurin, don in ita ba ta so, motar za ta zauna, kuma wadda ake fitar da ita sau ɗaya a shekara haya ta fi ta sauƙi nesa ba kusa ba. Mu muna fita da ita ƙarshen mako, muna zuwa ɗaurin aure da suna a wasu garuruwa mu kwana a ciki ba mu takura wa masu gida ba, shi ya sa kuɗinta ke fita. In ka samu hoton takardar da lambobin tayoyin, ka turo nan mu duba tare kafin ka je.